RA'AYINMU: Sankarar Mama, Daga Jibiya Zuwa Katsina

A watan Yuli na 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe sabuwar cibiyar jinyar masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ɗaya daga cikin guda uku da aka buɗe a lokacin, sauran biyun suna Inugu da Binin. Ko shakka babu wannan abin farin ciki ne. Kafin haka, duk mutumin Jihar Katsina da likita ya ce sai an yi masa gashi da na'ura, tilas ne ya ɗauki hanyar Zariya ko Sakkwato, ko ma Abuja, ya kwana a barandar asibiti yana jiran layi. Yanzu kuwa mutumin Jibiya, wanda ke bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, tafiyar da bai kai kilomita 50 ba ce ta raba shi da wannan cibiya.

To, amma na'ura komai tsadarta ba ta zuwa gida ta ɗauko maras lafiya. Abin da ya dame mu shi ne matan da ba za su isa Katsina ba sai bayan lokacin da magani zai yi amfani ya wuce, musamman masu fama da sankarar mama, wadda ita ce kan gaba cikin ire-iren ciwon daji da ke kama matan ƙasar nan. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 mata fiye da 32,000 ne cutar ta kama a Nijeriya, fiye da 16,000 kuma suka rasu. Watau a duk inda aka ƙirga sabbin majinyata biyu, an yi jana'izar mace ɗaya. A ƙasashen da suka ci gaba kuwa, cikin mata 10 da cutar ta kama, 9 suna nan da ransu bayan shekara 5. Cutar ɗaya ce a can da nan. Babban bambancin shi ne lokacin da mace ke isa gaban likita, da kuma ko ta iya kai jinyar ƙarshe.

Duk wanda ya san zaman gidajenmu ya san inda watannin nan ke salwanta. Mace ta ji ɗan ƙullutu a mamanta, ba ya ciwo, sai ta yi shiru don kunya. In tana goyo sai a ce ruwan nono ne ya taru. Da ya fara girma sai ta gaya wa uwarta ko aminiyarta, a kawo saiwa da garin shafawa. Daga nan sai wajen wanzami a yi sakiya, alhali kuwa babu mugunyar da za ta fita, sai dai a bar ta da gyambon da ba ya warkewa. Wani gidan ma sai a ce jifa ne, a ɗora wa kishiya laifi, a shiga gabar da za ta bi 'ya'ya har girmansu. Bisa duk wannan ga tsohuwar maganar nan da ke yawo a bakin jama'a, wai daji ba ya son allura ko wuƙa, da an taɓa shi sai ya bazu. Wannan magana ta ci rayuka da yawa. Abin da ke faruwa shi ne, ana kai mace asibiti ne bayan cutar ta riga ta shiga ƙashi ko huhu ko hanta, in ta rasu sai a ce aikin likita ne ya kashe ta, maƙwabciyarta kuma ta ji, ta ƙara ɓoye nata.

Ya kamata a faɗa a fili cewa yawancin ƙullutun da ke fitowa a mama ba sankara ba ne, amma ba mai iya rarrabewa da ido ko da hannu, sai an yi hoto an kuma ɗebi ɗan tsoka an gwada. Ƙullutu maras zafi, da kaluluwa a hammata, da kan nono da ya shige ciki ko yake fid da jini, da fatar da ta koma kamar ɓawon lemo, kowannensu ya isa a je asibiti a cikin makon. Cutar kuma ba a ɗaukarta ta wurin cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya, saboda haka ware wa maras lafiya kwano da tabarma zalunci ne kawai.

Kowace shekara idan watan Oktoba ya kama, akan yi gangamin wayar da kai a manyan birane, a yi tattaki da riguna masu launi ɗaya, a yi jawabai da Turanci. Ba mu raina wannan ƙoƙari ba. Sai dai muna ganin ana yi wa wanda ba shi ne da wuƙa da nama ba jawabi. A Jibiya da ƙauyukanta, kamar sauran ƙasar Hausa, maigida ne ke ba da izinin fita, shi ne ke fid da kuɗin mota, shi ne kuma za a nema ya yarda in likita ya ce sai an cire mama. Da yawa daga matan da ke gudun aikin tiyata tsoron saki ko wulaƙanci ne ke korarsu, ba tsoron wuƙa ba. Muddin ba a kai maganar nan majalisun maza ba, a masallatan Juma'a, da tashar mota, da kasuwar Jibiya ranar da take ci, to, an bar jaki ana dukan taiki.

Magidanci kuwa ya kamata ya san abin da ke jiransa ta kowace fuska. Jinyar tana da nauyi. Bayan tiyata akwai ƙarin ruwan magani da akan yi kusan duk bayan mako 3, sau 6 ko 8, sa'an nan gashi na kullum har wasu makonni. Kowace tafiya kuɗin mota ne na mutum biyu, da abinci, da ranar aiki da aka rasa. Iyalin da rufe iyaka na 2019 da na 2023 ya karya wa jari, ko wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa, da ƙyar zai kai zagaye na uku bai sayar da akuya ko hatsin ci ba. Da kuɗi ya ƙare sai a koma gida, cutar ta dawo. Amma nauyin rashin uwa ya fi wannan nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka yi a wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, ya gano cewa duk mata 100 'yan ƙasa da shekara 50 da sankarar mama ta kashe sun bar yara marayu wajen 210. Mun san yadda irin wannan ke ƙarewa: babbar 'ya ta bar makaranta ta riƙe ƙanne, jinjiri ya koma hannun kaka, sauran a rarraba su gidajen dangi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, ta nemi kada a wuce kwana 60 tsakanin ranar da mace ta fara nuna kanta a asibiti da ranar da za a tabbatar da abin da ke damunta. Wannan ma'auni ne da Ma'aikatar Lafiya ta Jiha za ta iya ɗorawa kan Jibiya tun yanzu. A koya wa ungozoma da ma'aikaciyar jinya ta kowane ɗakin shan magani yadda ake duba mama, ta riƙa yi a ranar awo da ranar rigakafin yara, inda mata ke taruwa da ma. Wadda aka samu da ƙullutu a ba ta takarda da rana tsayayya, Babban Asibitin Jibiya ya riƙe sunanta, in ba ta je Katsina ba a bi sawunta. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta soma a 2021 ya haɗa da sankarar mama, amma talakan ƙauye ba zai nemi abin da bai taɓa jin labarinsa ba. Sanar da shi aikin ma'aikatan gwamnati ne, da ɗalibanmu da ke komawa gida hutu, waɗanda iyayensu mata ke jin maganarsu fiye da ta baƙo.

Har wa yau kada a manta da 'yan'uwanmu na ƙetaren Magama. Matar Ɗan Isa ko Maraɗi da ke bukatar gashi, Yamai za ta nufa, tafiyar fiye da kilomita 600, alhali Katsina kusan kilomita 100 ce daga Maraɗi. Dangi ɗaya ne, aure ya haɗa gidajen ɓangarorin biyu tun kafin a shata iyaka. Muna kira ga hukumomin lafiya na Jihar Katsina da na Jihar Maraɗi su zauna su amince da takardar tura majinyaci guda ɗaya, wadda jami'an bakin iyaka za su gani su bar mace da mai rakiyarta su wuce ba tare da ɓata lokaci ba.