A Mai da Tashar Ƙaura Namoda Gidan Nazarin Tsuntsaye

Kano ta adana Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, Jos kuma tana da cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a dajin Amurum. Arewacin Zamfara ba shi da irin wannan, alhali garken jan-baki kan wawushe gonar gero cikin 'yan kwanaki a Shinkafi da Zurmi. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya iso a 1929, ta cancanci gyara domin masana su zauna su gano inda tsuntsun ke ƙyanƙyasa kafin ya taso. Wasu za su ce tsaro ne kan gaba. Haka ne, amma manomin da ya tsira daga 'yan bindiga, tsuntsu ya cinye hatsinsa, yunwa ce ke jiransa. Gwamnatin Zamfara da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke garin su ɗauki wannan aiki.