Kailasa: Haikalin da aka fara daga rufi, da kabarin da ke maƙwabtaka da shi

Kowane magini ya san daga tushe ake fara gini. Waɗanda suka yi haikalin Kailasa da ke Ellora, a jihar Maharashtra ta Indiya, daga rufi suka fara. Sun hau kan tsaunin baƙin dutse, suka haƙa ramuka masu zurfi har suka keɓe wani ƙaton curi a tsakiya, sannan suka riƙa sassaƙa shi da guduma da ƙarfe suna gangarowa. Ginshiƙai, benaye, matakala da gadar da ta haɗa ɗakunan, duka jikin dutse ɗaya ne.

Galibin masana tarihi na danganta aikin da Sarki Krishna na Ɗaya na daular Rashtrakuta, a ƙarni na 8. Ana ƙiyasin an kwashe kimanin tan 200,000 na dutse, kuma tsayin ginin ya kai kusan mita 30. A gindinsa an jera giwaye kamar su ne ke ɗauke da shi a gadon baya. Wani zane mai zurfi a bango yana nuna Ravana yana girgiza tsaunin Kailash, wanda mabiya Hindu ke ɗauka a matsayin mazaunin Shiva.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne rashin damar gyara. Mai tubali in ya karkace sai ya rushe ya sake. Masassaƙi in ya sare inda bai kamata ba, shi ke nan, dutse ba ya komawa. Sai da wani ya riƙe siffar ginin a kansa tun kafin a buga gudumar farko.

Mun san wani mai karatu zai yamutsa fuska, ya ce ai wurin bautar gumaka ne. Haka ne. Amma yaba gwanintar hannu daban, karɓar aƙida daban. Mu da muka tashi da fina-finan Indiya mun sha ganin irin waɗannan gine-gine a bayan masu rawa, ba mu taɓa tambayar wa ya yi su ba.

Kailasa shi ne kogo na 16 cikin 34 na Ellora: 12 na mabiya Buddha, 17 na Hindu, 5 na Jain, jere a gefen tsauni guda. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1983.

'Yan kilomitoci daga nan, a Khuldabad, kabarin Sarki Aurangzeb yake, wanda ya rasu a 1707. A watan Maris na 2025, bayan fitowar fim ɗin Chhaava, ƙungiyoyin Hindu masu tsattsauran ra'ayi suka nemi a cire kabarin, har rikici ya ɓarke a Nagpur. Ba za mu wanke Aurangzeb ba. Ya sa an rushe haikalai, ciki har da na Kashi Vishwanath a 1669. Sai dai Indiya ta ga inda ramuwar gayya kan gini ke kai ƙasa: bayan rushe Masallacin Babri ranar 6 ga Disamba 1992, kimanin mutum 2,000 suka mutu.

Musulmin da ransa ya ɓaci kan Babri bai kamata ya yi shiru ba in an taɓa Kailasa, haka ma ɗan Hindu mai alfahari da Kailasa in an kai hannu kan kabarin. Hukumar adana kayan tarihi ta Indiya ce ke kula da wuraren biyu. Ya rage wa gwamnatin Maharashtra ta bar ta ta yi aikinta, ta kuma hukunta duk wanda ya zo Khuldabad da guduma.