Ƙugiyar Kwanso da Darasin da Ake Tsallakewa a Ajin Fizik

A shekarar 1678 ne masanin kimiyya ɗan ƙasar Ingila, Robert Hooke, ya bayyana dokarsa game da sifirin, wato cewa miƙewar sifirin tana ƙaruwa daidai da ƙarfin da aka ja shi da shi. Kusan kowane ɗalibin sakandare ya haddace wannan doka, ya kuma zana miƙaƙƙen layinta. Abin takaici shi ne galibin malamai nan suke tsayawa, alhali kuwa aikin injiniya yana farawa ne daga inda layin ya daina miƙewa. Wani ɗan guntun ƙarfe da ke cikin ƙaramar bindiga ya isa shaida.

Bindigar ita ce M1911, wadda John Moses Browning ya ƙera, rundunar sojan Amurka kuma ta karɓe ta a 1911, ta riƙe ta a matsayin ƙaramar bindigarta ta aiki har zuwa 1985. Idan aka harba ta, murfin samanta yakan zame baya ya fitar da kwanson harsashin da ya ƙone, sa'an nan ya dawo gaba ya tura sabon harsashi cikin bututu. Abin da ke jawo kwanson kuwa wani siririn ƙarfe ne mai ƙugiya a kai, wanda ke kwance cikin rami a jikin murfin. Ba a sa masa sifirin dabam ba. Shi da kansa ne sifirin, domin an ɗan lanƙwasa shi yadda zai riƙa matse gindin kwanso.

Matsalar tana cikin matsewar. Yayin da sabon harsashi ke tasowa daga gidan harsasai, dole ne gefen gindinsa ya zame ya shige ƙarƙashin ƙugiyar. In matsewar ta yi yawa, sai harsashin ya kasa shiga, murfin ya tsaya bai rufe ba. In ta yi kaɗan, sai kwanson ya kuɓuce ya maƙale a ƙofar fita. Ga sojan da ke fagen fama, ko wanne daga cikin biyun zancen rai ne.

To, yaya masu gyaran makamai ke daidaita wannan matsewa? Sukan ƙara ko su rage lanƙwasar ƙarfen. A nan ne darasin yake. Muddin ba a wuce iyakar jurewar ƙarfe ba, duk yadda aka lanƙwasa shi zai koma yadda yake, kamar yadda Hooke ya faɗa. Saboda haka mai gyara ba shi da wata hanya sai ya ƙetare iyakar da gangan, ƙetarewa 'yar kaɗan, don ƙarfen ya ɗauki sabuwar siffa ta dindindin. Bayan haka kuma ana so ƙugiyar ta yi aiki sau dubbai ba tare da ta sake kusantar wannan iyaka ba. Shi ya sa aikin ya zama na ƙwararrun da aka horar kawai.

Akwai kuma wani abin mamaki da littattafan makaranta ba su cika ambata ba. Gasa ƙarfe da tsoma shi cikin ruwa ko mai, irin yadda maƙera ke yi, ba ya canza yawan ƙarfin da ake bukata kafin ƙarfen ya ɗan lanƙwashe. Abin da yake canzawa shi ne inda iyakar jurewar take. Ƙugiyar da ba a gasa da kyau ba za ta yi aiki daidai a ranar farko, amma sannu a hankali sai ta saki.

Kamfanin FN na ƙasar Beljiyam ya canza hanya. Bindigarsa ta Hi-Power, wadda ta fito a 1935, da irin wannan ƙugiya ta ciki ta fara, amma a 1962 aka mayar da ita ta waje, mai ɗan naɗaɗɗen sifirin nata dabam. Ko shakka babu wannan ya fi dacewa da runduna mai dubban bindigogi, tun da canza sifirin ya fi sauƙi a kan neman gwanin lanƙwasa.

Malamin Fizik ba ya bukatar bindiga don ya koyar da wannan. Waya mai riƙe takardu ta wadatar: ɗalibi ya ɗan buɗe ta ya sake ta koma, ya ƙara buɗewa har ta ƙi komawa, sa'an nan ya yi ta lanƙwasa ta gaba da baya yana ƙirgawa har ta karye.