Kare da Ubangidansa a Kundi Ɗaya



A shekarar 2020 masu bincike na Jami'ar Uppsala da ke ƙasar Suwidin suka haɗa bayanan inshorar dabbobi da kundin lafiyar jama'ar ƙasar, suka bi diddigin masu karnuka sama da 175,000. Sai suka tarar cewa wanda karensa ke fama da ciwon suga ya fi wanda karensa ke lafiya hatsarin kamuwa da nau'i na biyu na ciwon da kashi 38 cikin ɗari. Ga masu kyanwa kuwa, ba su ga alaƙa ba. Ciwon suga dai ba a ɗaukarsa daga kare. Abin da ake zato shi ne, maigidan da ba ya fita tattaki, karensa ma a kwance yake wuni.

Ni kam ina goyon bayan irin wannan haɗi, domin dabbar gida takan riga mu nuna alama. A garin Minamata na Japan, kyanwoyi ne suka fara tangaɗi suna mutuwa saboda gubar zaiba da ke cikin kifi, tun kafin a gano cutar a jikin mutane a 1956.

To amma sirrin majinyaci amana ne. Wanda ya kai karensa wurin likitan dabbobi bai je don a leƙa nasa ciwon ba. Wajibi ne a cire sunaye kafin masu bincike su taɓa kundin, a kuma hana kamfanin inshora ganin abin da aka haɗa. In ba haka ba, wata rana za a tsawwala wa mutum kuɗi don kawai karensa yana da ciwon suga.