Kwamfuta A Sauƙaƙe: Wa Ya Gaya Wa Kwamfuta Sunan Waƙar Da Ke Kan Faifai?

A wannan makon za mu duba wani abu da yawancinmu muka taɓa gani amma ba mu tsaya mun yi tunani a kansa ba. Mu kan sa faifan CD a kwamfuta, wani lokaci sai sunan mawaƙi da sunayen waƙoƙinsa su fito tsaf. Wani lokaci kuma ba abin da za mu gani sai Track 01, Track 02, har ƙarshe. Me ya kawo bambancin?

Gaskiyar magana ita ce yawancin faya-fayan ba su san sunan abin da ke cikinsu ba. Lokacin da kamfanonin Sony da Philips suka fito da CD a 1982, sauti kawai aka tanada, sai wani ɗan jadawali a farkon faifan mai nuna yawan waƙoƙi da inda kowace ta fara. Sunaye kuwa a jikin kwali ake rubuta su.

A 1993 wani masanin manhaja mai suna Ti Kan ya fito da dabara a manhajarsa ta sauraren faifai, xmcd. Tunda da wuya a samu faifai biyu masu yawan waƙoƙi ɗaya da tsawo iri ɗaya, sai manhajar ta lissafa wata lamba daga wannan jadawali, ta zama kamar zanen yatsan faifan. Duk wanda ya rubuta sunayen waƙoƙin sau ɗaya, sai a ajiye su tare da lambar. Shi da Steve Scherf suka mayar da wannan rumbu na intanet, ana kiransa CDDB. Mutane daga ko'ina suka riƙa cika shi kyauta.

Daga baya aka sayar da rumbun, ya koma Gracenote, aka kuma sa sharuɗɗa kan amfani da shi. Wannan ya ɓata wa masu sa kai rai, sai aka kafa freedb da MusicBrainz domin bayanan su zauna a hannun kowa. An rufe freedb a 2020, gnudb ya ci gaba da aikinsa. Shi ya sa idan muna da tsohuwar manhaja da ta daina nuna sunaye, mai yiwuwa har yanzu freedb take nema. Mu shiga saitinta, mu nemo wurin CDDB, mu sa adireshin gnudb a madadinsa.

Hanya mafi sauƙi a gare mu ita ce manhajar MusicBrainz Picard, wadda kyauta ce, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ga yadda za mu yi:

1. Mu sauke ta daga shafin MusicBrainz kansa. Kada mu ɗauko daga shafin da ba mu sani ba. Idan kwamfutar makaranta ce, sai mun nemi izinin malami tukuna.
2. Mu girka ta, mu tabbatar akwai intanet, sannan mu sa faifan.
3. Mu danna Lookup CD. Manhajar za ta lissafa lambar faifan ta tambayi rumbun.
4. Idan an kawo mana zaɓi fiye da ɗaya, mu gwada da kwalin da ke hannunmu, domin kundi ɗaya kan fito a ƙasashe da shekaru daban-daban.
5. Picard ba ta kwafe waƙa daga faifai. Sai mun kwafe da wata manhaja, mu jawo fayilolin cikinta, mu danna Save. Daga nan VLC ko wayarmu za su nuna sunayen.

To, idan aka ce ba a samu faifan ba fa? Kada mu ɗauka kwamfutar ce ta lalace. Ma'anarsa ba wanda ya taɓa shigar da shi. Wannan na iya faruwa da faya-fayanmu na gida, musamman waɗanda aka haɗa a shago. Mu tuna da faifan Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos da ke cikin akwatin Baba. Kwali ya yage, faifai ya fara karcewa, wanda ya san sunan kowace waƙa kuma yana tsufa. Ranar da aka rasa su, Track 01 kaɗai zai rage mana.

MusicBrainz na barin duk wanda ya yi rajista ya ƙara bayani. Sharaɗin shi ne mu rubuta abin da muka tabbatar, daga kwalin faifai na asali, da rubutun Hausa daidai, ɗ a wurin ɗ, ƙ a wurin ƙ. Kuskure ɗaya zai bi duk wanda ya sa faifan bayanmu. Mu kuma sani, sunaye muke bayarwa. Rarraba waƙar mutum ba da izininsa ba tauye haƙƙinsa ne.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya nemo faifai ɗaya a gida, ya zauna da wani babba, ya rubuta sunan mawaƙi da na waƙoƙin a littafi. Ko babu intanet, wannan ya isa farawa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.