Kangon bayan layinku lambu ne da ba a shuka ba

Duk lokacin da kayan miya suka yi tsada, abu ɗaya muka iya: a jera tumatir huɗu a faranti, a ɗauki hoto, a rubuta kuɗinsa, a ɗora a Facebook, sai a yi ta Allah wadai a ƙasa. Mun yi haka a 2016 lokacin da tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Arewa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Mun sake yi a 2024. Kuma za mu ƙara, domin kowace shekara da zarar damina ta kankama tumatirin rani na su Kadawa da Kura yakan ja baya, farashi ya tashi. Hoton dai bai taɓa sauko da kuɗin kwando ba.

To kai da ke karanta wannan a waya, leƙa bayan layinku. Da wuya a rasa kango: fili mai katanga rabi, mai shi yana Abuja ko magada ba su gama rabo ba. Yanzu me ake yi a ciki? Bola, leda, bahaya, da dare kuma masu shaye-shaye su karɓi aiki. Ra'ayina shi ne matasan layi su nemi aron wannan fili su mayar da shi lambu.

Na san za a ce ai kowa ya shuka a gidansu. Wane gida? Yawancinmu a birni haya muke, ɗaki da falo, tsakar gida duk siminti, igiyar shanya ma sai an yi layi. Shawarar lambun gida ta masu gida ce. Ɗan haya sai an haɗu.

Amma fa a nan ake faɗuwa. Da an ce a haɗu, sai a buɗe zauren WhatsApp, a naɗa ciyaman, sakatare, ma'aji, har da mai magana da yawu, ba a ko sayi fartanya ba. Sati uku ana zuwa, na huɗu mutum biyu ne ke ban ruwa, ranar tsinka kuma mutum ashirin su bayyana da leda. Daga nan sai gaba. Kakanninmu sun riga mu gano wannan matsala, shi ya sa ban da gandu na gida gaba ɗaya suke yanka wa saurayi gayaunarsa, abin da ya noma nasa ne. Ku yi haka. A raba filin fangali-fangali, kowa da nasa, wanda ya yi sakaci nasa ne zai bushe, ba wanda zai zarga. Abin da za a yi tarayya a kai uku ne kawai, shinge da ruwa da taki, sai gayya ranar share fili. 'Yan mata da matan aure na layin su ma a ba su nasu fangalin, a ware musu lokacin shiga. Su ne suka san ganyen da tukunya ke nema, su ne kuma za su fi riƙe abin.

Kafin ku taɓa ko leda ɗaya, ku sami mai filin, ku zauna gaban mai unguwa, a rubuta takarda: aro ne, na wata kaza, ba gini, ba dasa bishiya, in zai karɓa ya ba da sanarwa a kwashe amfani. Tsoron kowane mai fili shi ne a wayi gari aro ya zama gado. Ku cire masa wannan tsoron, ku nuna masa cewa lambu ya fi bola tsare masa iyaka. In ya ƙi, akwai bayan makarantar firamare da harabar masallaci.

Sai ruwa, wanda shi ne gaskiyar maganar. Kada ku ja ruwan kwata. A Kano an daɗe ana noman ganye a bakin Jakara da Getsi, alhali ɗaya na ɗauke da dattin gari, ɗaya kuma na kwaso ruwan masana'antun Bompai. Latas da lansir ɗanye ake ci, ba wuta da za ta kashe abin da ke jikinsu. In za ku yi wa unguwarku lambu da irin wannan ruwa, gara ku bar bolar. Ga wata hanya da ke gabanmu kullum: ruwan alwala. Sau biyar a rana yana kwarara daga masallacin layi zuwa kwata, babu sabulu a ciki, babu mai. Bututu ɗaya da duro biyu sun isa a tare shi, muddin ba a haɗa shi da na bayi ba. Ku yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, ku rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa don kada rana ta shanye.

Ƙasar tsohuwar bola ma abin lura ce, domin an zubar da batura da baƙin mai a cikinta shekara da shekaru. Ku kwashe ta sama, ko ku shuka a buhunan da aka cika da ƙasa mai kyau da taki, a huda ƙasansu. Kashin kaji da na awaki sai ya ruɓe tukuna, ɗanye ƙone shuka yake.

Kuma don Allah kada ku fara da tumatir, duk da shi ne ya tayar da zancen. Shagwaɓaɓɓe ne, ga tsutsa, ga ciwon damina, zai karya muku gwiwa tun ba a je ko'ina ba. Alayyahu cikin wata guda ya isa yanka, kuma ya sake tohowa. Kuɓewa wajen wata biyu ta fara 'ya'ya, kwana biyu-biyu ana tsinka. Rama, lalo da yakuwa ba su da fitina. Na'ana'a reshe kawai za ka dasa, sai dai ka killace ta a bokiti, in ba haka ba ta mamaye fangalin maƙwabcinka, a dawo gaban mai unguwa. Latas, karas da kabeji ku jira sanyi, daga Nuwamba. In ƙwari sun taso, a daka ganyen darbejiya a jiƙa ya kwana, a tace a fesa, kafin a fara tunanin maganin kanti wanda ba a san ƙa'idarsa ba.

Ba zan ce muku za ku sayi mota da alayyahu ba. Masu bidiyon "noma ka zama miloniya" suna neman masu kallo ne. Abin da fangali ɗaya zai yi shi ne ya ɗauke wa gidanku kuɗin ganye, rarar kuma mai shayi ya sayi na'ana'a, mai ƙosai da masu kwaɗo su sayi sauran. A wannan zamani da ake auna cefane da cokali, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shingen kuwa ku fara da shi tun kafin iri ya taɓa ƙasa, ko da ƙaya ne da tsohon langalanga. Akuyar layinku ba ta sa hannu a takardar mai unguwa ba.