Darasin Lantarki Daga Albasar Aliero

A ganina, kuskure ne a koyar da lantarki da alli kaɗai. Ɗalibi yakan haddace cewa wuta ba ta gudana sai da'ira ta rufe, daga batir zuwa fitila ta komo batir, alhali bai taɓa haɗa waya da hannunsa ba. Uzurin kullum shi ne rashin kayan gwaji.

To, ga albasa jibge a Aliero. A soka mata guntun jan ƙarfe da guntun kwanon rufi mai tutiya, kada su taɓa juna. Ruwan albasar zai riƙa cin tutiyar a hankali, a sami ƙarfin da bai kai bolt 1 ba. A jera huɗu da waya, jan ƙarfen wannan zuwa tutiyar waccan, ƙarfin ya taru har ya kunna ƙaramar fitilar LED ja, ko da dishi-dishi. Idan ta ƙi, a juya ƙafafunta. Da ƙarafa biyu da ruwan gishiri Alessandro Volta ya ƙera batir na farko a Italiya a 1800.

Malamai, gani ya kori ji. Sai dai a gargaɗi ɗalibai: kada su ci albasar gwaji, kada kuma su kusanci soket, domin bolt 230 yana kisa.